Sa'ad da Talabijin Ya Shiga Aji: Labarin Makarantun Abijan

 A lokacin biki irin wannan al'ada ce a waiwaya baya, a ƙidaya shekaru, a tuna da waɗanda suka riga mu aiki. Mu da aka danƙa wa koyar da yara da manya a nan Adjame da Treichville, waɗansunmu a ajin dare, waɗansu a ajin ran Lahadi, mun ga ya kamata mu ma mu kawo abin da mu ke da shi. Za mu ba ku labarin wani babban gwaji da Gwamnatin ƙasan nan ta Kwaddibuwa ta yi cikin makarantunta daga shekara ta 1971 zuwa ta 1982, gama abin da ya sa aka yi gwajin nan shi ne ya ke damunmu har wa yau.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo ya san wannan damuwa. Malami yana ta magana, ga yaro ɗaya yana gyangyaɗi, ga wani ya zuba ido a taga yana jin yaran mota suna kiran fasinja a tashar Adjame. Bayan mako biyu ko uku sai a ga babu shi. In an tambaya, a ce ya koma kasuwa wurin kawunsa. Yaron nan kuwa ba daƙiƙi ba ne, domin a kasuwa ba ya kuskuren canji. Karatun ne bai kama shi ba. To, yaya za a yi karatu ya kama yaro? Manyan ƙasa sun taɓa zama a kan wannan tambaya, sun kashe kuɗi mai yawa wajen neman amsarta. Ya kamata mu san abin da suka samu.

Garin da makarantarsa

A shekara ta 1934 Faransawa suka ɗauke hedkwatar mulkinsu daga Bingerville suka kawo ta Abijan. Su kansu suka zauna a kan tudun da a ke kira Plateau. Baƙar fata kuwa aka bar musu Adjame daga arewa, da Treichville daga kudu a hayin ruwa. Dā sunan wurin Anoumabo, sa'an nan aka sa masa sunan wani Bafaranshe, Treich-Laplène, wanda ya rasu a 1890. A 1950 aka gama haƙa mashigin ruwa na Vridi, manyan jiragen teku suka soma shigowa har cikin gari. A 1954 hanyar jirgin ƙasa ta kai Wagadugu, a 1957 kuma aka buɗe babbar gada tsakanin Plateau da Treichville. Daga nan sai gari ya cika ya batse. Ga Baule, ga Bete, ga Jula, ga Mosi, ga Yarabawa, ga Zabarmawa, ga kakanninmu Hausawa daga Nijar da Nijeriya, masu cinikin goro da shanu da nama da ƙananan kaya.

A tsakar gida ɗaya ta Treichville a kan ji harshe huɗu ko biyar. Amma a makarantar boko, wato lakwal kamar yadda mutanenmu na Nijar su ke cewa, harshe ɗaya kaɗai aka yarda da shi, shi ne Faransanci. Yaro ya zo yana ɗan shekara shida, ko kalma ɗaya bai sani ba, malami ya faɗa, aji duka su maimaita, har su haddace abin da ba su gane ba. Littafin da ya fi shahara a ƙasashen nan shi ne na Mamadou da Bineta, wanda André Davesne ya rubuta. A makarantu da yawa kuma akwai wata alama da a kan rataya wa yaron da aka ji yana magana da harshen gidansu. Shi kuma sai ya yi ta kasa kunne ya kama wani domin ya rataya masa, gama wanda yamma ta yi alamar tana wuyansa shi ne zai sha horo. Saboda haka yara suka koyi yin shiru. Da yawa su kan maimaita aji sau biyu ko uku, da yawa kuma su kan gudu.

Abin da aka riga aka gwada a ƙasar Hausa

Kafin mu ci gaba, bari mu ɗan leƙa gida, domin wannan damuwa ba a Abijan ta fara ba. A shekara ta 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan birnin Kano. Da Hausa aka soma koyarwa a can, aka kuma haɗa karatu da sana'ar hannu. Amma malamai suka tarar babu abin da yaro zai karanta ya ji daɗi bayan ya iya haruffa. Shi ya sa a 1933 Dokta Rupert East ya zaga manyan garuruwa yana roƙon malamai su rubuta labarai na nishaɗi da Hausa. A cikin waɗanda suka amsa akwai wani saurayi, malami a Katsina, Abubakar Imam, wanda ya rubuta Ruwan Bagaja. Daga baya aka kira shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, domin 'yan makaranta, suka fito cikin ƙarshen shekarun 1930. Ga shi yau an fi shekara tamanin, littattafan nan suna hannun yara. Dabarar kuwa mai sauƙi ce: a ba yaro labari mai daɗi cikin harshen da ya ke ji, shi da kansa zai juya shafi domin ya ga ƙarshen labarin. Ku riƙe wannan a zuciya, za mu komo kansa.

Gwajin Yamai

Da ƙasashenmu suka sami mulkin kai a 1960, shugabanni suka ga aikin da ke gabansu. A 1961 ministocin ilmi na Afirka suka taru a Addis Ababa suka yi alkawari kowane yaro zai shiga makarantar firamare kafin 1980. Amma ina malaman? Horon malami yana cin shekaru, yara kuwa ba su jira. A lokacin nan talabijin sabon abu ne, mutane suna ganin zai iya kome. A Ibadan aka buɗe gidan talabijin a 1959, a Abijan kuma a 1963. Sai waɗansu masana suka ce, tun da ya ke ƙwararrun malamai kaɗan ne, a ɗauki gwani guda a sa shi cikin akwati, dubban yara su gan shi lokaci ɗaya.

A ƙasar Nijar aka fara gwada wannan, a zamanin Shugaba Diori Hamani, da taimakon Faransa. A 1964 aka soma a Yamai da yara kaɗan. A 1966 aka kai shi wajen makarantu ashirin a kewayen birnin, yara wajen ɗari takwas. Waɗanda aka sa su tsaya da yaran samari ne da suka gama firamare kawai, aka ba su ɗan horo. Darussan sun kasance da wasan kwaikwayo da zane da waƙa, duka da Faransanci. Baƙi suka yi ta zuwa daga ƙasashe suna kallo, suna mamakin yadda yaran ƙauye su ke magana ba tsoro, ba su kuma gudun makaranta. Ko da ya ke gwajin bai game ƙasar ba, sunansa ya tafi nesa, daga baya kuma, a 1979, gidan talabijin na ƙasar Nijar ya tashi a kan harsashinsa.

Akwati ya iso Kwaddibuwa

Shugaba Houphouët-Boigny ya ga abin da aka yi a Yamai da ɗaruruwan yara, ya ce shi zai yi da ƙasa duka. A lokacin koko da kofi suna kawo kuɗi. Hukumar UNESCO ta taimaka da shiri, Faransa ta kawo ma'aikata da kayan aiki, Kanada ta ɗauki nauyin buga takardu, Bankin Duniya da waɗansu kuma suka sa hannu. A Buwake, tsakiyar ƙasa, aka gina gidan shirya darussa da makarantar horon malamai. A watan Satumba na 1971 aka watsa darasi na fari zuwa azuzuwa 447, yara wajen dubu ashirin, dukansu 'yan aji ɗaya. Kowace shekara sai a ƙara aji guda, har aka kai aji shida. Kafin 1980 yaran da ke karatu gaban akwatin nan sun haura rabin miliyan, wato yawancin 'yan makarantun Gwamnati.

Ga yadda a ke yi, kamar yadda yayyenmu da suka zauna a azuzuwan nan su ke ba mu labari. Akwatin yana gaban aji, hotonsa baƙi da fari. Malami yana da littafin jagora da aka aiko masa daga Buwake, wanda ya nuna masa abin da zai yi kowace rana. Kafin lokaci ya yi, sai ya shirya yara, ya gaya musu abin da za su lura da shi. Sa'an nan a kunna akwati, a ga darasi na 'yan mintoci. In an kashe, sai malami ya ɗauka daga nan, ya yi tambayoyi, yara su kwaikwayi abin da suka gani, su yi aiki a takardunsu. A Abijan akwai wutar lantarki, amma a ƙauyuka da batir a ke tafiyar da akwatunan, ma'aikata suna zagawa da mota suna gyara. Daga 1973 kuma aka ƙara shiri na dare domin manya, mai suna Télé pour Tous, a kan ruwan sha da lafiya da noma. Malamin ƙauye ya kan buɗe aji, ya fassara wa mutane da harshensu.

Kada mu raina abin da aka samu. Yaron Adjame da bai taɓa fita gari ba ya ga yadda a ke noman auduga a arewa. Yaron Korhogo ya ga teku da jiragen Abijan. Magana aka sa a gaba kafin rubutu, saboda haka yaran nan suka iya Faransanci a baki fiye da na dā, suna ɗaga hannu su yi tambaya, abin da iyayensu ba su taɓa yi ba a gaban mushe. Aka rage maimaita aji ƙwarai, gama tsarin shi ne yaro ya wuce tare da tsararsa. Malamai da yawa kuma da ba su sami horo sosai ba sun ƙaru, domin akwai darussa nasu na musamman ta cikin akwatin. Gyangyaɗi dai ya ragu. In tambayar ita ce ko akwati zai iya jawo hankalin yaro, lalle ya jawo.

Abin da ya sa aka rufe

A 1977 yaran farko suka gama aji shida suka zauna jarrabawar shiga sakandare. Nan ne aka fara jin kuka. Makarantun sakandare ba a sāke musu tsari ba, suna nan a kan hanyar dā ta shibta da nahawu da dogon rubutu. Malaman can suka ce yaran akwati sun iya magana amma hannunsu bai faɗa ba, rubutunsu cike da kuskure. Iyaye kuma suka ce yara sun yi baki, ba su da ladabi irin na dā. Bayan haka guraben sakandare kaɗan ne, masu nema kuwa sun yi yawa, saboda haka dubbai suka rasa wuri. Ko da ya ke ƙarancin gurabe ba laifin akwati ba ne, a kansa aka ɗora fushin.

Akwai kuma abin da malaman firamare da kansu suka gani. Darasi yana zuwa daga Buwake a kan lokacinsa, ba ya jiran kowa. In yara ba su gane na jiya ba, na yau ya riga ya iso. Akwati ba ya ganin fuskar yaro, balle ya san ya ɓata. In ruwan sama ya hana rabin aji zuwa, ko akwati ya lalace ya yi kwanaki kafin mai gyara ya zo, abin da ya wuce ya wuce ke nan. Waɗansu malamai suka ji kamar an mai da su yaran akwati, aikinsu kunnawa da kashewa. Mutum kuwa ba ya sa zuciyarsa ga aikin da aka ƙwace masa girmansa. Har ila yau akwatin da Faransanci kaɗai ya ke magana. Harshen uwar yaro yana nan a bakin ƙofa bai shiga aji ba.

Sa'an nan kuɗi ya yanke hukunci. Bayan 1978 farashin koko da kofi ya faɗi, bashi ya hau kan Gwamnati. Akwatuna da batir da kayan gyara duka daga waje a ke sayo su, ƙwararrun Turawa kuma albashinsu mai tsada ne. Masu taimako suka soma janye hannu. Aka yi ta gardama a jaridu da tarurrukan malamai, har a 1982 aka daina watsa darussa. Akwatunan suka zauna a kusurwar aji suna shan ƙura, malamai suka koma ga alli da allo.

Bayan akwati

Neman hanya bai tsaya ba. Tun 1973 Nijar ta buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda a ke fara koyar da yara da Hausa kafin a shigo da Faransanci. A nan Kwaddibuwa ma dokar ilmi ta 1977 ta buɗe ƙofa ga harsunan ƙasa, kuma a farkon shekarun 2000 aka soma gwajin koyarwa da harsuna goma a waɗansu makarantun ƙauye. A 2015 aka yi doka cewa tilas kowane yaro daga shekara 6 zuwa 16 ya je makaranta. A 2020 kuwa, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, sai ga darasi ya sāke fitowa a talabijin da rediyo, da sunan Mon école à la maison. Tsofaffin 'yan akwati suka zauna da jikokinsu suna kallo suna dariya. Abin da aka gani a dā kuma shi aka sāke gani: yaron da ke da wani babba kusa da shi yana tambayarsa abin da ya gane, shi ne ya amfana.

Abin da ya rage gare mu

Yanzu fa mu komo kan namu azuzuwa. Mun ji waɗansu 'yan'uwa suna ba da shawara, da kyakkyawar niyya, cewa daga abin da aka tara na bikin nan a sayi majigi da manyan wayoyi domin yara, tun da ya ke waya ce ta ɗauke musu hankali. Ba mu ƙi ba. Hoto yana koyarwa, mun kuwa nuna a sama cewa akwati ya yi aiki. Roƙonmu shi ne a yi tambaya uku kafin a kashe ko dala ɗaya. Wa zai gyara in ya lalace, da kuɗin wa? Malami zai iya tsai da shi ya koma baya in yara ba su gane ba? Da wane harshe zai yi magana da yaron da ya zo daga Maraɗi bara? Ƙasa guda da taimakon manyan ƙasashe ta yi tuntuɓe a kan waɗannan tambayoyi, balle mu.

Akwai kuma abubuwan da ba su bukatar lantarki, mun gwada su mun ga amfaninsu. Yaranmu da dala su ke lissafi a kasuwa, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Yaron da ya san dala ashirin ita ce sefa ɗari ya riga ya iya ninkawa da biyar, sai dai ba wanda ya taɓa gaya masa. Wani malaminmu na ajin dare ya kan zo da 'yan kuɗi da goron Anyama, ya kasa a kan tebur, ya sa ɗaya ya zama mai saye ɗaya mai sayarwa, sa'an nan su rubuta cinikin a allo. A ajin nan ba a gyangyaɗi. Wata malama kuma ta kan fara labari da Hausa, ta tsaya a daidai inda ya yi daɗi, ta ce sauran yana cikin takardan nan, wanda ya ke son ƙarshensa ya karanta mana. Dabarar Abubakar Imam ke nan. Amma mun koyi darasin 1977, saboda haka ba mu barin dare ya wuce sai kowa ya rubuta ko layi uku da hannunsa, malami kuma ya duba. Daɗin darasi shi ne ke kawo yaro gobe, rubutun hannunsa kuwa shi ne zai tsaya masa ran jarrabawa da ran da za a miƙo masa takardar haya ya sa hannu.

Saboda haka shawararmu ga dattawa ita ce a raba abin da aka tara. A fara da malamai: a riƙa tara su ko sau ɗaya a wata, na Adjame da na Treichville, kowa ya nuna wa 'yan'uwansa dabarar da ta yi masa aiki, a biya musu kuɗin mota. A sayi littattafan Hausa da na Faransanci masu labari, waɗanda yaro zai iya ara ya kai gida, da alli da takardun rubutu. In da saura, a sayi majigi guda, a danƙa shi ga malamin da ya san lokacin kunna shi da lokacin kashe shi.

Ku iyaye kuma, muna roƙonku, in yaro ya komo gida ku tambaye shi abin da ya koya yau, ko da ku ba ku yi karatu ba. Ku bar shi ya karanta muku, ku saurara har ya gama. Allah ya ba malamanmu haƙuri da hikima, ya raya mana yaran nan, ya sa waɗanda za su rubuta littafin biki na gaba su fito daga cikinsu. Amin.